Yarinyar bakin danja

Jiya da yamma na taso daga Kantin Kwari a adaidaita sahu, mun tsaya a danja sai ga wata yarinya Buzuwa, ba za ta wuce shekara tara ba, ta damƙe min gefen mayafi tana "Anti a taimaka, Anti don Allah." Gashinta duk ya yi ja saboda rana, ƙafa ko silifas babu. Ɗan sahun ya daka mata tsawa, ya waigo ya ce min "Hajiya rabu da su, waɗannan ai ba 'yan ƙasa ba ne." Na miƙa mata ɗari biyu, aka ba mu hannu muka wuce, amma wallahi maganar nan tasa ta tsaya min a rai har na kwanta.

Mu nan Kano mun saba mu ne masu yawa, shi ya sa in aka ce tsiraru hankalinmu sai ya tafi can nesa. A 2017 da sojojin Myanmar suka kori 'yan Rohingya sama da 700,000 zuwa Bangladesh, ga fyaɗen da aka yi wa matansu, ai mun cika Facebook da hotuna da addu'a, kuma da Gambiya ta maka Myanmar a kotun duniya a 2019 har daɗi muka ji. To madalla. Amma wadda ta riƙe min mayafi fa?

Takardu kam akwai su. Akwai yarjejeniyar CEDAW ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1979 kan hana nuna wa mata wariya, Najeriya ta amince da ita a 1985, akwai sanarwar 1992 kan haƙƙin tsiraru na ƙabila da addini da yare, ga kuma ta Maputo ta 2003 ta matan Afirka. Sai dai sashe na 12 na tsarin mulkinmu ya ce yarjejeniyar waje ba ta zama doka a gida sai majalisar tarayya ta mayar da ita doka, CEDAW kuwa har yau tana jiran layi. Don haka ni da can kallon takardar tsire nake musu, a je Geneva a sha shayi a dawo.

Labarin Hadijatou Mani ne ya sa na ɗan sassauta. 'Yar Nijar ce, can wajen Birnin Konni, daga zuriyar da ake yi wa kallon bayi. Tana shekara 12 aka sayar da ita ga wani dattijo a matsayin wahaya, wato mace ta biyar da ba sadaki ba ɗaurin aure, ga bautar gida ga ta shimfiɗa. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci, da ta je ta auri wanda take so sai dattijon ya ce ai matarsa ce, kotu kuma ta yanke mata wata shida wai ta yi aure kan aure. Ku ji fa! Alhali tun 2003 Nijar ta mayar da bauta babban laifi. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta a Nijar ce ta tsaya mata har kotun ECOWAS, a Oktoban 2008 kotun ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, ta biya ta sefa miliyan 10. Kuɗin ba wani yawa ba in aka auna da shekara tara na wahala, amma dai 'yar ƙauye ta kayar da gwamnati sukutum, kuma kotun nan hedikwatarta ba a Turai take ba, tana nan Abuja.

Abin da na lura shi ne sai da wani ya tsaya ya tambaye ta me ya faru, ya kama hannunta. Ni kuwa ko sunan yarinyar ban tambaya ba.

Yau da safe na sake bi ta danjar ina ta leƙe. Ban gan ta ba, sai wata mata da nake zaton uwarta ce zaune a gindin katanga da jariri a cinya, tana ƙirga canji a bakin zani.