Kaset ɗin Grateful Dead

Duk sanda masoyan Grateful Dead suka zauna tuna baya, zancen kaset ne ke cinye hirar. Waɗannan makaɗan Amurka, kafin su watse a 1995, ba sa maimaita wasa. Waƙar minti 5 a faifai sai ta kai minti 20 a dandali. Daga 1984 suka ware wa masu naɗar wasanninsu a kaset wuri a bayan teburin sauti, wato na'urar da ake daidaita sautin wasan da ita, bisa sharaɗin musaya kawai, ban da sayarwa.

Aikin akwai wuya. Dole ka ɗaga makirufo biyu a doguwar sanda sama da kawunan jama'a, in ba haka ba surutun na kusa da kai ya danne kiɗan. Kaset mai minti 90 kowane gefe 45 ne, ga kiɗan ba ya tsayawa, sai ka juya shi tsakanin waƙoƙi tun bai ƙare ba. Batir ya yi sanyi, gudun injin ya ragu, in an kunna murya ta karkace. Kowane kwafi daga kwafi kuma ƙara masa hayaniya yake yi.

Wasan da suka yi a Jami'ar Cornell ranar 8 ga Mayu 1977 da ake yabo daga teburin sauti aka ɗauke shi, ya fita tas. Ni dai na fi son naɗin cikin taro, don a nan ake jin ihun jama'a.