Rigar ƙarfe a cikin silinda

Shagona yana Suame Magazine a Kumasi, wurin da ya samo sunansa daga ma'ajiyar makaman sojoji ta zamanin Turawa. Mu dai ba ma taɓa bindiga, doka ta hana. Aikinmu sa wa silindar inji laina, wato rigar ƙarfe ta ciki.

Kwanaki wani tsohon soja daga Aboabo ya kawo injin trotro ɗinsa, wato ƙaramar bas ta haya, yana hayaƙi shuɗi, yana shan baƙin mai kamar ruwa. Na kama yatsansa na ɗora a bakin ramin silinda.

"Baba, ka ji wannan ɗan tudun? Nan ringin fistan yake tsayawa ya koma ƙasa, nan wuta take ci."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Masta, ai haka bindiga take mutuwa. Daga gindin bututu take farawa, inda harsashi yake tashi."

Gaskiya ya faɗa. Zafin albarushi da gogayya su ne suke zaizaye wurin, shi ya sa Amurkawa suka riƙa sa wa gindin bututun manyan bindigoginsu masu sarrafa kansu, irin M2 da M60, rigar Stellite. Haɗin kobalt ne da kuromiyom, wanda Elwood Haynes ya yi wa rajista a 1907, kuma ko ya yi jajir ba ya saurin laushi. Irinsa ake shafa wa bakin bawul ɗin hayaƙi na wasu manyan injuna.

Tamu rigar ta baƙin ƙarfen zubi ce. Sai na rarake ramin da ya cinye, in auna shi sau uku, sannan mu danna laina ta shige dam. Bayan nan a goge cikinta har sai zane ya fito a gicciye, domin a cikin zanen nan mai yake kwana. Awon ne wuyar aikin. Shekarun baya wani yarona ya yi garaje, rami ya yi faɗi da kaurin gashin kai, laina ta zame tun motar ba ta kai garin Ejisu da ke nan kusa ba. Daga aljihuna na biya, kuma har yau ba na barin kowa ya yi awon ƙarshe sai ni.

Abin da yake ci mini rai shi ne direban da zai biya kuɗin laina ya ƙi sayen matatar iska. Ƙurar hunturu yashi ce a cikin inji.

Baba soja kam sabuwa ya saya tun kafin ya ɗauki injinsa.