Abin da Na Koya Wajen Zaɓen Jinyar da Asusun Lafiya Zai Biya

Shekarun da na yi ina aiki da kwamitin da ke tsara jerin ayyukan jinya da asusun inshorar lafiya zai ɗauki nauyinsu sun raba ni da wani tunani da na daɗe ina riƙe da shi, wato cewa adalci shi ne a yi wa kowa alkawarin komai. Tun ranar da aka ajiye mana kasafin kuɗi a gefe guda, jerin cututtuka a ɗaya gefen, na gane cewa duk abin da muka shigar, akwai wani abin da muka fitar, ko da ba mu furta ba.

Idan hukuma ta ƙi yin zaɓi a fili, zaɓin yana komawa wasu hannaye ne kawai. A rubuce magani kyauta ne, amma a tagar karɓar magani sai a ce ya ƙare, mai hali ya saya a waje, marar hali ya koma gida da ciwonsa. Nisan hanya da tsawon layi da sanayya su ke yanke hukuncin da muka ji nauyin yankewa, kuma a kan talakan karkara yake faɗawa. Shi ya sa tsarin ƙasar Chile na shekarar 2005 ya burge ni: sun fara da cututtuka 25 kacal, amma doka ta fayyace wa kowace cuta wa'adin da za a duba majinyaci da iyakar abin da zai biya, sannan suka riƙa faɗaɗa jerin sannu a hankali.

Da farko na ɗauka lissafi kaɗai zai raba mana gardama, a duba yawan lafiyar da kowane kuɗi zai saya, a fara da mafi araha mai yawan amfani. Lissafin yana da muhimmanci ƙwarai, domin shi ke nuna cewa rigakafin yara, awon ciki, haihuwa a hannun ƙwararriyar ungozoma da maganin hawan jini sun cancanci sahun gaba, kamar yadda taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ya fifita kiwon lafiya matakin farko. Sai dai a 2014 wani kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya haɗa lissafin da wasu ma'aunai biyu: fifita waɗanda suka fi shiga wani hali, da kare iyali daga talaucewa saboda jinya.

Labarin Tailan ne ya sa na fahimci ma'auni na ƙarshen nan sosai. Lokacin da ƙasar ta kafa shirinta na kiwon lafiya ga kowa a 2002, ba ta saka wankin ƙoda ba saboda tsadarsa, kuma a bisa lissafin araha zalla da wuya ya samu shiga. Amma ciwon yana cinye dukiyar gida gaba ɗaya kafin ya ɗauki ran mai shi, don haka a 2008 aka shigar da shi, da sharaɗin a fara da wankin da ake yi ta ciki, wanda majinyaci ke iya yi a gidansa, kafin a kai ga na inji. Sun karɓi aiki mai tsada idonsu a buɗe, sun san abin da zai ci, sun kuma nemi hanyar da asusun zai iya jurewa. A ganina wannan ya fi ƙarfin hali a kan cika jeri da alkawuran da ba a ware musu ko sisi ba.

Ƙarancin kuɗin ma abin a yi magana a kansa ne. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, kuma ƙasashe ƙalilan ne suka cika shi.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne fuskantar wanda aka bar jinyarsa a waje. Wani uba ya taɓa zuwa ofishinmu da takardun ɗansa, yana tambayar dalilin da ya sa ba a biyan kuɗin wani maganin ciwon daji mai tsada. Yaran da rigakafi ya tsare ba su da fuska a gabana, shi kuwa ga shi a zaune yana jiran amsa. Na nuna masa dalilanmu a rubuce, na faɗa masa yadda zai ɗaukaka ƙara da lokacin da za a sake duba jerin. Bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Da aka zo zaman bita, ni na nemi a saka maganin a cikin waɗanda za a fara tattauna rage farashinsu da masu sayarwa.