Ɗakin wasan Ummi: daga tubalin farko zuwa daɓe

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu koyon ginin ƙasa. Na kwana biyu ban ba ku labarin ɗan ɗakin nan da nake yi wa Ummi a bayan gida ba. Ga shi tun daga tushe har inda muka tsaya jiya da la'asar, da wuraren da na yi daidai da waɗanda sai da aka rushe aka sake.

Ga wanda bai san mafarin ba, Ummi shekararta huɗu, kuma wajen wasanta gindin rumbu ne. Nan take jera gwangwanayen tumatir ita da 'yar maƙwabtanmu suna tuƙa tuwon ƙasa tun hantsi har azahar. Da kakar nan mahaifiyarta ta ɗaga wani tsohon kwando daf da inda suke zama, sai ga kunama baƙa ƙirin ta ɗaga ƙari. Allah ya tsare, amma daren ranar ban yi barcin kirki ba. Wani kafinta ya ce in kawo katako da langa-langa ya haɗa mata akurki a yini ɗaya. Na tuna yadda ɗakin kwano yake zama kamar tanda a watan Afrilu, ga kaifin bakinsa ga hannun yaro, na ce a'a, ƙasa za mu yi. Ni koyarwa ce sana'ata, ban taɓa ɗora tubali a kan tubali ba. Baffa, yayan mahaifina, shi ne magini tun yana saurayi. Yanzu gwiwa ta hana shi hawa katanga, saboda haka shi ke zaune a tabarma yana faɗa, ni ina yi.

Makon farko na Disamba

Awo muka fara yi, da igiya da turaku huɗu. Ciki ƙafa 6 kowane ɓangare, tsayin bango ƙafa 4. Na so a ƙara faɗi, Baffa ya ce ƙafa 6 ita ce iyakar abin da azara ɗaya take ɗauka ba tare da an yi mata dabara ba, kuma a lokacin rufin soro ne a raina. Wurin da aka zaɓa shi ne inda mahaifiyarta za ta hango ta daga madafa ba sai ta tashi ba. Ƙofa ta kalli yamma. Wannan ku riƙe shi da kyau: hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa in kun duba tsofaffin gidaje za ku ga bangon gabas ne ya fi zaizayewa. Duk wanda ya buɗe ƙofa gabas, ruwan Agusta zai riƙa shigar masa har ƙurya.

Kuskurena na farko tun kafin a taɓa laka na yi shi. Don in huta da kuɗin ɗauko ƙasa, sai na fara haƙa a kusurwar gida, har ramin ya kai min gwiwa. Da Baffa ya zo ya tsaya a bakinsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, wannan ramin wa ka haƙa wa? In damina ta cika shi, kai za ka faɗa ko ita?" Jikina ya yi sanyi, domin kowa a nan ya san yadda kududdufi yake cin yara da damina. A ranar na mayar da ƙasar na take ta. Washegari muka yi magana da mai jakuna, ya riƙa kawo mana jar ƙasa a mangala daga inda mutanen gari suke ɗiba.

Tsakiyar Disamba

Kwaɓi shi ne aikin da ya fi cin ƙarfi, kuma shi ne wanda idon mai wucewa ba ya gani. A fasa ƙasa, a tsince duwatsu da saiwoyi, a zuba ruwa a bar ta ta kwana. Da safe a shiga da ƙafa a tattake, a watsa ramno, wato busasshiyar ciyawa da aka daddatsa, a ƙara kashin jaki, a sake tattakewa, a tara ta a rufe. Bayan kwana biyu a buɗe a maimaita. Sau uku muka yi haka. In ta nuna za ku ji warinta ya sauya, launinta ya ɗan yi duhu, kuma in ka cire ƙafa tana riƙe ka kamar ba za ta saki ba.

Amma tubalin da na fara yi ba daga wannan kwaɓin ba ne. Gaggawa ta sa na ɗebi wadda ta kwana ɗaya kawai, ramnonta kaɗan, na mulmula guda 60 na jera a fili inda iskar hunturu take kaɗawa. Kwana uku duk suka tsattsage, bayansu ya bushe ƙamas cikinsu ɗanye. Baffa ya ɗauki ɗaya ya ɗaga daidai ƙirjinsa ya saki, ya watse kamar ƙuli-ƙuli. Ya ce duk tubalin da bai jure wannan faɗuwar ba, kada ya shiga bangon da jikarsa za ta jingina da shi. Na mayar da su cikin kwaɓi.

Na biyun ya nuna min da hannunsa. A yanko laka daidai cikin tafi biyu, a mirgina ta a ƙasa mai ɗan yashi, gindi ya yi faɗi kai ya tsuke, sannan a dangwarar da shi da ɗan ƙarfi don ya zauna. Kwana biyun farko muka lulluɓe su da tsohuwar zana don kada iska ta busar da su farat ɗaya, bayan nan aka yaye. Sati biyu suka yi a rana. Guda 400 muka yi, kuma a cikin goman da aka gwada ɗaya kawai ya ɓantare a kai. Ummi ma ta yi nata, ƙanana kamar ƙwan zabo, guda tara, ta jera su a gefen nawa tana korar kaji. Wani abu da za ku kula da shi: tarin tubali maɓoyar kunama ne, kada ku sa hannu ƙarƙashi sai kun ture da sanda, kuma kada yaro ya taya ku kwasa.

Janairu

Tushe ya yi zurfin ƙafa ɗaya da rabi, har aka tarar da ƙasa mai tauri. Layin ƙasa tubali biyu-biyu ne a jere, tsininsu sama, daga layi na uku ya koma ɗaya-ɗaya, don bango ya yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa. Laka ba shafa ta ake yi ba, maka ta ake yi da ƙarfi a tsakanin tubalan har ta cike kowane gurbi, sannan a bi da tafin hannu.

A nan ma sai da na rushe. Ranar wata Asabar ina da lokaci, hannuna ya fara sabawa, na ɗora layi uku a bangon kudu a yini ɗaya. Da asuba na tarar ya yi ciki ya karkata waje, domin na ƙasa bai bushe ba aka aza masa nauyi. Tun daga nan layi ɗaya nake yi bayan an tashi daga makaranta, in bar shi ya kwana ya yini. Kowace tsaga ta fito, Baffa sai ya sa na cusa mata laka a take. Yakan ce karin maganar nan ta sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, magina ne suka fara faɗarta, kuma inda ƙadangare ya shiga kunama ma ta shiga.

Taga biyu muka bari. Ƙarama a arewa daidai fuskarta in tana zaune, da babba kusa da ƙofa wadda babba zai leƙa ya ga ko'ina a ciki. Ƙofar ba za a sa mata ƙyaure ba ko sakata, asabari kawai. Wannan shawarar mahaifiyarta ce, kuma ban yi musu ba, domin yaron da ya iya kulle kansa ba lallai ya iya buɗewa ba. Tubalan Ummi tara suna nan a saman ƙofa, na jera su cikin laka na bar kawunansu a waje don ta riƙa ganinsu.

Maganar rufi

Nan ne muka fi daɗewa, kusan kwana goma aiki ya tsaya. Ni dai tun farko soro nake gani a ido: azara, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a fitar da indararo, a ɗora zankwaye huɗu a kusurwa. Tun ranar da na kai ɗalibai Gidan Makama, gidan tarihin nan na birnin Kano, nake sha'awar wannan fasalin, na ce ko ƙarami ne sai 'yata ta samu irinsa. Baffa bai ce min a'a kai tsaye ba. Ya ce in je Wudil ranar Juma'a in dubo azara tukuna. Na je na zagaya. Azarar ƙwarai daga bayan namijin giginya ake tsaga ta, baƙa mai nauyi, wadda gara ba ta iya ci. Abin da na fi samu fara-fara ne mai laushi daga cikin itacen, in ka danna farce yana shiga. Mai kyan da na gani kuwa ta tsohon gida ce da aka rushe, kuɗinta ya fi ƙarfin ɗan ɗakin gaba ɗaya.

Da na dawo na faɗa masa, sai ya ce ko da na samu mai kyan, akwai magana. Rufin ƙasa bashi ne da ake biya duk shekara: kafin ruwa ya sauka a hau a yaɓe, a buɗe indararo, a cire ciyawar da ta tsiro. Shekarar da aka yi sakaci, ruwa ya kwanta a kai, ƙasa ta sha ta ninka nauyi, bakin azara ya ruɓe a cikin bango inda ido ba ya kaiwa, rana ɗaya ya rufto ba sallama. Ya tuna min daminar 2022, lokacin da ruwa ya yi ta rusa gidajen ƙasa a Jigawa da nan ɓangarenmu. Sannan ya ce, "Babba in ya ji ƙasa tana zubo masa a ka, ya san ya fita da gudu. Ita kuwa ɗaga kai za ta yi ta kalla." Ban sake ambatar soro ba.

Jinka muka yi, mai kusurwa huɗu irin na tafarfara. An haɗa shi a ƙasa da sandunan darbejiya da kara, aka ɗaure da igiyar kaba. Na so in shafa wa sandunan baƙin mai saboda gara kamar yadda ake yi, amma abin da yaro zai taɓa ya kai hannu baki ban yarda da shi ba, sai muka babbake gindinsu a wuta kawai. Shuci, wato ciyawar jinka, na saya a hannun wani dattijo a ƙauyen gaba da mu, shi ya koya min yanta. Ana baibayawa daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya rufe rabin na ƙasansa, a ƙulle kan da kyau. Mu shida muka ɗaga shi muka ɗora bayan sallar la'asar, yaran unguwa suna ta sowa. Bakinsa ya zarce bango da kamu guda ta ko'ina, don ruwa ya zuba nesa da gindi. Abin da jinka yake tsoro wuta ne, shi ya sa na auna taki goma sha biyu tsakaninsa da murhu, kuma an gaya wa duk yaran gidan ba a shiga da ashana ko garwashi, ko da na dafa-dukan wasa ne.

Fabrairu

Yaɓen ciki da na waje na farko sun gama. Makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ta yi wuya a wannan lokacin, domin ɗorawa sai da bazara take nuna. Wata gwaggonmu mai yin daddawa ce ta ba ni ragowar ta bara, rabin buhu. An daka ta an jiƙa kwana biyu har ruwan ya yi ja kamar shayi mai kauri, da shi aka kwaɓa ƙasar yaɓe. Bai isa ko'ina ba, sai na fifita bangon gabas da ƙasan ɗaki. A maimakon zankwayen da na rasa, Baffa ya sa aka matso masa da kujera bakin ƙofa, ya zana dagi da ɗan yatsa a ɗanyen yaɓe. Hannunsa yana rawa in zai ɗauki kofi, amma layin nan bai karkace ba ko kaɗan. A ƙasan dagin Ummi ta manna tafinta.

Daɓe aikin mata ne, ni ɗebo ruwa da marmara kawai na yi. Jiya da safe mahaifiyarta da maƙwabta huɗu suka shigo da madaɓansu. Ɗakin ba ya ɗaukar fiye da mutum biyu a durƙushe, sai suka riƙa karɓa-karɓa, na waje suna amshin waƙa suna tafi. Ana bugu ana yayyafa ruwan makuba, har ƙasan ya yi sumul yana ɗaukar ido. Suka ce kada kowa ya taka sai bayan kwana uku, aka tare ƙofa da turmi.

Abin da ya rage: asabari, ɗan dakali da zan kewaye gindin bango da shi ya gangara waje, da yaɓe na biyu in sabuwar makuba ta fito, wanda dole a gama kafin ruwan farko. Ina kuma so in zuba yashi mai laushi a gaban ƙofa, wanda aka tankaɗe.

Da la'asar na zagaya in duba ko daɓen ya fara tsagewa. Turmin yana nan inda aka ajiye shi, amma ta babbar taga na hango gwangwanaye uku a jere a ƙurya, da 'yar tsanarta ta kara a kwance an lulluɓe ta da tsumma, ga sawun ƙafa ƙanana sun shiga sun fito. Na kira mahaifiyarta ta gani. Ta ɗauko madaɓi za ta gyara, Baffa daga tabarmarsa ya ce a bar guda ɗaya na bakin ƙofa.