Daga Gyaran Waya Zuwa Binciken Laifi

Daga gyaran waya na shigo wannan aiki. A Banex Plaza da ke Wuse 2, Abuja, na fara, ina canza gilashi da batir, kafin na yi kwas na koma ɗakin binciken na'urori, inda ake kawo mana wayoyi da kwamfutocin waɗanda ake tuhuma da damfara ko garkuwa da mutane. Mai gyara hannunsa ƙaiƙayi yake yi ya kunna waya ya duba. A nan kuwa ba a taɓa ta haka kawai.

Da an kawo waya sai a jefa ta cikin jakar da ke toshe sabis, don abokin mai ita zai iya goge komai daga nesa. A rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata, da sunan wanda ya kawo, da ƙarfe nawa, ya sa hannu in sa hannu. In faifan kwamfuta ne, ta na'urar da ke hana rubuta komai a kansa ake jona shi, a kwafe shi kaf da manhajar FTK Imager, a fitar da lambar tantancewa ta SHA-256. Ko harafi ɗaya ya canza a ciki, lambar nan mai alamomi 64 za ta sauya gaba ɗaya. A kan kwafi muke aiki, na asalin yana kulle.

Duk wannan wahalar saboda kotu ce. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar takardar da ke bayyana na'urar da ta fitar da bayanin da yadda take aiki. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka ciro daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba. Lauyan wanda ake ƙara kuma ba ya barin ko tsinke. Wani lauya ya taɓa tsare ni: rahotona ya ce saƙo ya shiga 10:40, shaida kuwa ya ce 11:40, to wa ke ƙarya? Na ce, "Ya Mai Shari'a, babu. Wayar da agogon duniya na UTC take adana lokaci, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya." Sai da na nuna shafin da na rubuta hakan kafin ya zauna.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wayar da aka riga aka jagwalgwala. Wani dattijo da aka sace ɗansa ya kawo wayar yaron fes, babu komai a ciki. Na ce, "Baba, wa ya taɓa ta?" Ya ce, "Wani mai gyara na kai wa ya cire mana makulli." Filashin ya yi mata, wato ya goge ta ya sake saka mata manhaja, kuma wayoyin yanzu in an yi musu haka, abin da ke ciki ya tafi ke nan. Sai masu bincike suka koma wajen kamfanin layi, tunda dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta adana bayanan kira na shekara biyu.

Matasa kan tambaye ni ta ina za su fara. Manhajar binciken na'urori ta Autopsy kyauta ce. Ka sauke ta, ka samu tsohon filashinka na ajiye bayanai, ka goge hotuna, ka gwada dawo da su, sannan ka rubuta rahoton da alƙalin da bai san kwamfuta ba zai karanta ya gane. Rubutun nan ne ke korar yawancinsu.