Jan wayar kyamara a Gombe: takardu da inshorar yara

Sana'ata jan waya ce, amma ba ta wutar gida ba. Kyamarorin tsaro, wayar intanet ta ofisoshi, intakom da ƙararrawar gobara muke sakawa ni da yarana, daga shagunan Sabon Layi har sababbin gidajen Tumfure. Kyamara da bolt 12 take aiki, wadda ke shan wuta ta wayar intanet kuma wajen 48. Shi ya sa mutane ke ɗauka babu haɗari a ciki. Mai gida zai dubi lissafi ya ce, "Haba Malam, 'yar wayar nan ce har da kuɗin inshora?"

To, wayar ba ta kisa, gaskiya ne. Amma a zo a ga inda muke bi da ita. Yaro zai shiga cikin silin a watan Afrilu da rana tsaka, kwano ya ɗau zafi kamar tanda, yana rarrafe a kan katako da tocilan a baki, gumi na shiga masa ido. A gefensa ga wayar JED, kamfanin rarraba wutar lantarki, mai bolt 230 da wani ya haɗa ya naɗe da leda tun shekarun baya. Ƙafa ta kuskure katako, sai dai a tsince shi a falo. Wani kuma yana can saman tsani jikin katanga yana huda siminti. Waɗannan yaran 'ya'yan mutane ne, iyayensu suka damƙa mini su amana.

Saboda haka takardar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta NSITF, hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, daga aljihunsa, ba a yanka a kuɗin yaro. In ya ji rauni a bakin aiki, akwai inda za a nemi magani da diyya. Wasu abokan sana'a na ƙyamar inshora saboda addini, ina ce musu yanzu akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, a ƙasar nan, sai su je su tambaya. Barnar da za ka iya yi wa ginin mutane, ka fasa bututun ruwa ko ka ƙona na'ura, ita ma tana da tata inshorar daban.

Sauran takardun wahalar zirga-zirga ce kawai. Rajistar kamfani a hukumar CAC, lambar haraji, lasisin jan wayar sadarwa daga hukumar sadarwa ta NCC. In aikin zai taɓa babbar wuta, ko soket ɗaya ne na akwatin na'urori, mai shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin lantarki, nake kira. Kwangilar gwamnatin tarayya kuwa sai ka haɗa da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da ta hukumar fansho PenCom, da ta asusun horar da ma'aikata ITF, da rajistar BPP, ofishin da ke kula da kwangilolin gwamnati. Yawancinsu shekara na ƙarewa sun mutu, sai sabuntawa.

Ƙungiya kuma, akwai LECAN ta 'yan kwangilar lantarki masu lasisi. Katinta ba ya maye gurbin lasisi, amma ina ganin amfanin zama cikin 'yan uwa: in rigima ta tashi da mai aiki, akwai manyan da za su shiga tsakani.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda bai biya ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya zo ya karya farashi rabi. Sannan ya sayo kwalin waya mai mita 305 na alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe, ya ja ta fiye da mita 100 da aka ƙayyade, hoto ya dinga ɗaukewa. In an kira ni gyara, wuƙa nake sawa in kankare bakin wayar a gaban mai gida, ya ga farin da idonsa, kafin mu yi maganar kuɗi.