Fayil ɗin aikin gida: a shirya shi don wayar ɗalibi

Malam yana tsara aikin gida a kan babban allon kwamfuta, amma akasarin ɗalibansa a waya za su buɗe shi, wani ma da 'yar datar da ta rage masa. Yawancin saƙonnin "Malam, bai buɗe ba" daga nan suke tasowa.

A raba fayil biyu. Takardar umarni da tambayoyi ta zama PDF, domin tsarinta ba ya motsi a kowace na'ura. Takardar da ɗalibi zai cike kuwa ta zama Google Docs ko DOCX mai sauƙi: shafi a tsaye, ginshiƙi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, girman rubutu 12. Jadawalin da ya wuce ginshiƙi uku yana tserewa daga allon waya, akwatunan rubutu kuma suna hawa kan juna idan aka buɗe su da manhajar buɗe takardu ta WPS Office. PDF mai guraben cikewa yana da kyau a ido, sai dai wasu manhajojin waya ba sa adana abin da aka cike, ɗalibi ya turo takarda fayau yana rantsuwa ya amsa.

Haruffa masu lanƙwasa su ne inda na fi so a tsaya. Har yanzu akwai masu amfani da tsofaffin salon haruffan Hausa da ke ɗora ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v. A kwamfutar Malam komai tsaf yake, amma wayar ɗalibi ba ta da wannan salon, sai ya ga "qasa", "xaya" da "vera". Maganin shi ne a buga ainihin haruffan Unicode, wato tsarin haruffa na bai-ɗaya da na'urori ke ganewa, da allon rubutun Hausa, irin wanda ke cikin Gboard na Google, a kuma zaɓi salon da ya ƙunshi ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, kamar Noto Sans, Andika ko Charis SIL. Wannan matsala tana bin mutum har cikin jarrabawar da na'ura ke dubawa da kanta. A Google Forms, idan amsar da aka ajiye "ƙasa" ce, ɗalibi ya rubuta "kasa", zai faɗi tambayar alhali ya sani. A shigar da duka rubutun biyu a matsayin amsa daidai, sai fa in darasin na ƙa'idar rubutu ne, inda lanƙwasar ita ce abin da ake gwadawa.

Nauyi ma abin lura ne. Hoton shafi ɗaya daga kyamarar waya yakan kai megabayit uku zuwa biyar, shafi goma ya zama kaya. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabayit 25 a saƙo. A fitar da PDF kai tsaye daga Word ko Docs, kada a ɗauki hoton takarda. Idan dole sai an yi sikanin, dpi 150 (ma'aunin kaifin hoto) baƙi da fari ya isa. Takardar umarni kada ta wuce megabayit ɗaya.

A Google Classroom, manhajar raba wa ɗalibai aiki, akwai zaɓi uku ga fayil ɗin da aka maƙala: ɗalibai su gani kawai, su iya gyarawa, ko a yi wa kowa kwafinsa. Na ukun ake so. Wanda ya zaɓi na biyu bisa kuskure zai tarar ɗalibai arba'in suna rubutu a takarda guda, wannan na goge na wancan. Kuma zaɓin kwafin yana samuwa ne kafin a tura aikin. In an riga an tura, sai dai a sake sabo. Google Forms kuwa ba ya karɓar fayil sai ɗalibi ya shiga da asusun Google, fayilolin kuma suna cin gigabayit 15 na kyauta da Malam ke rabawa tsakanin Drive, Gmail da Photos. Fom ɗin yana da iyakar jimillar nauyi, da ya cika ya daina karɓar amsa.

A rubuta tsarin sunan fayil a layin farko na umarni, da misali: lambar rajista, sai lambar darasi, sai lambar aiki. In ba haka ba fayil talatin za su iso da suna iri ɗaya. Ma'aunin maki ma ya tafi tare da tambayar. A aiki mai maki 20, ana iya ba hujja 8, tsari 5, misalai 4, tsaftar rubutu 3, kowanne da jimla ɗaya mai bayyana abin da ke kawo cikakken maki.

Lokacin rufewa a rubuta shi da rana, awa da ƙasa. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya ne, Gana tana baya da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya. Moodle, wani dandalin koyarwa ta intanet, yana da ranar miƙawa da kuma ranar yankewa daban, wadda bayanta ba a karɓar aiki. A bar awa 24 tsakaninsu saboda wuta da sabis, tunda aikin da ya makara zai fito da alamarsa.

Kafin a tura, a buɗe asusu na biyu a matsayin ɗalibi, a kashe wayfai, a sauke fayil ɗin da data a ƙaramar wayar Android, a cike tambaya ɗaya, a miƙa, sannan a koma ɓangaren Malam a ga ko ta iso da haruffanta cikakku.